Wai Echeverri na Man City ɗan uwan Etxeberria na Bilbao ne?

Abba Cityzen:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gareni ga masana tarihin gidan nan. Jiya a majalisa musu ya kaure tsakanina da wani yayanmu akan yaron nan Claudio Echeverri da City ta siyo daga River Plate, shi yace wai jinin Joseba Etxeberria ne wanda ya daɗe a Bilbao, wai kakansu ɗaya rubutun ne kawai ya bambanta, ni kuma nace ina Ajantina ina Sifaniya. Sai wani dattijo a wajen ya ƙara rikita mu yace ai akwai Etcheverry na Bolibiya ma da aka ba jan kati a gasar cin kofin duniya ta 94. To sunan nan daga ina ya fito ne, kuma da gaske dangi ne?

Nazifi Gunners:
Yayanka ya fika gaskiya Abba. Suna irin wannan mai wuyar faɗi ai ba a tsintarsa a hanya, in kaga mutum biyu da shi to tushe ɗaya ne. Kuma ai har laƙabin yaron, Diablito, daga na Etcheverry ɗin aka ɗauko, shi ana ce masa El Diablo. Me ya rage kuma.

Malam Tukur:
Wa alaikumus salam. Abba, kai da yayanka kowa ya kama wani ɓangare ya saki wani. Sunan ɗaya ne, wannan babu musu, amma suna ɗaya a nan baya nufin jini ɗaya, kuma dalilin yana cikin ma'anar sunan kanta. Sunan na yaren Bask ne, wanda su suke kira Euskara, mutanen da ke zaune a arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa, duwatsun Pyrenees sun ratsa ƙasarsu. A yarensu etxe shine gida, berri kuma sabo, harafin "a" na ƙarshe kuma kamar mu ce "ɗin nan" ne. Wato Etxeberria ba komai bane illa Sabon Gida. Kuma wannan tx da ke tsorata mutane c ɗinmu ce ta Hausa, ku karanta shi Eceberriya kun gama.

Yanzu Nazifi ka gaya min, Sabon Gida nawa ka sani a ƙasar Hausa? Duk mutumin da ya fito daga wani Sabon Gida ɗan uwan na ɗaya Sabon Gidan ne?

Maman Ilham:
Ikon Allah, Sabon Gida kuma! wlh ban taɓa kawowa ba

Nazifi Gunners:
Malam da girmanka amma misalin bai zauna min ba. Sabon Gida a wajenmu sunan ƙauye ne, su kuma sunan dangi ne da ake gada daga uba. Dole akwai mutum na farko da ya fara amsa sunan ya yaɗa shi.

Malam Tukur:
To nan ne gizo ke saƙar. Ba mutum ɗaya ne ya fara ba, mutane da yawa ne a garuruwa da yawa kuma basu san juna ba. Su Baskawa a ƙauyukansu gida ne yake da suna, ba mai gida ba. Gidan gona ne babba na dutse da katako da suke kira baserri, dabbobi a ƙasa, mutane a gefe, hatsi da ciyawa a sama, kuma kowane ɗaya da sunansa da baya canzawa ko da mutanen ciki sun ƙare an kawo wasu. In an tashi kiran mutum sai a ce wane na gida kaza. To ana raɗa wa gidan suna da abinda ido ke gani: wanda ke sama da sauran Goikoetxea, gidan tudu, na ƙasa Bengoetxea, na kusa da coci Elizondo, na cikin kwari Ibarra. Wanda aka gina daga baya, bayan tsofaffin gidajen gari sun riga sun kafu, shine Etxeberria. Kusan duk ƙauyen da ya ƙaru sai an sami nasa sabon gidan, musamman a ƙarni na 17 da masara ta iso musu daga Amurka, abinci ya yalwata, jama'a suka ƙaru aka yi ta sare daji ana sababbin gine-gine. Shi yasa sunan yake cikin waɗanda suka fi yawa a sunayen Bask, ba don wani kaka ɗaya ya haifi 'ya'ya da yawa ba.

Bashir Iruña:
Assalamu alaikum, Malam Allah ya ƙara ilimi, ni shaida ne akan wannan maganar. Shekara ta tara kenan a Pamplona, su suna ce mata Iruña, ina aiki a kamfanin sarrafa kayan lambu. In ka hau mota ka nufi kwarin Baztan wajen iyakar Faransa zaka ga gidajen nan farare da jan katako, a saman ƙofa an sassaƙa dutse da shekarar gini, wasu har da sunan miji da matar da suka gina, wani ya haura shekara 300 amma har yau ana ce masa sabon gida. Akwai wani dattijo da muka yi aiki tare, a takarda sunansa daban amma duk mutanen ƙauyensu da sunan gidansu suke kiransa, yace min in naje ƙauyen na tambaye shi da sunan takarda sai a daɗe ana tunani, amma ina faɗin sunan gidan yaro ma zai rakani har ƙofa. Kuma ya gaya min kakansa shigowa yayi gidan ta hanyar aure, matar ce magajiya, sai shi mijin ya koma ana kiransa da sunan gidan matarsa.

Ustaz Kabiru:
Subhanallah, namiji ya bar sunan ubansa ya ɗauki na gidan mata? A Suratul Ahzab cewa aka yi a kira su da iyayensu maza.

Malam Tukur:
Haka ne Ustaz, hukuncinmu kenan, su kuma Kiristoci ne 'yan Katolika, tarihinsu muke bayarwa. Amma ka lura ba wai yana cewa wani ne ya haife shi ba, jingina ce ga wuri, kamar yadda muke cewa Bukhari da Tirmizi alhali Bukhara da Tirmiz garuruwa ne. Ko nan gida, Shehu Shagari, Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ai duk sunan gari ne ya zauna a mazaunin sunan dangi, kuma ba wanda yace duk mai amsa Kano jikan mutum ɗaya ne. Su ma a da suna haɗa biyun. Wanda ya kafa Jesuit, wata ƙungiyar malaman cocin Katolika, da aka haifa a 1491, sunansa Íñigo López de Loyola, López ɗin na ɓangaren uba ne, Loyola kuma gidansu. Daga baya a lardunan Bask na Gipuzkoa da Bizkaia yawanci suka yar da na uban suka riƙe na gidan, a lardin Araba kuwa har yau zaka ji dogayen sunayen nan masu "de" a tsakiya.

Abba Cityzen:
Toh na gane wannan. Amma rubutun fa? me yasa wani tx wani ch wani tch, wani ma ya ƙare da y

Hajiya Rabi:
Abba wannan kam ko ni da ba malama ba zan iya hasashe, ai irin abinda ya same mu ne. Ni 'yan uwan mahaifiyata a Maraɗi suke, Usman ɗinmu can Ousmane ne, Shu'aibu ya koma Chaibou, mutum ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya amma biro biyu. Duk wanda ya riƙe rajista shi ke yanka maka suna.

Malam Tukur:
Hajiya kin gama magana, Allah ya ƙara girma. Haka abin yake. Yaren Bask ya daɗe a baki kafin ya zauna a takarda, littafin farko da aka buga da shi sai 1545 ne, kuma abin sha'awa marubucin ma sunansa Etxepare, ga etxe nan a ciki. Bayan taron coci na Trent da aka rufe a 1563 aka wajabta wa kowace coci ta riƙe rajistar baftisma da aure, to limamin cocin da magatakardan hukuma da Sifaniyanci ko Faransanci ko Latin suke rubutu, kowa ya rubuta yadda kunnensa ya jiye masa. A ɓangaren Sifaniya ya zama Echeverría ko Echeberría, don su b da v duk sauti ɗaya ne a bakinsu. A ɓangaren Faransa ya zama Etcheverry ko Etcheberry. Sannan akwai bambancin karin harshe, mutanen yamma wajen Bizkaia basa cewa berri, barri suke cewa, shi ya haifi Etxebarria da Echevarría, in kun tuna Beñat Etxebarria da yayi Betis da Bilbao. Don haka rubutun yana iya nuna maka ta wane ɓangare kakan mutum ya fito, amma baya nuna maka wane gida.

Ita kuwa tx ɗin rubutun zamani ne na su kansu Baskawan. Hukumar yarensu Euskaltzaindia an kafa ta wajen 1919, a 1968 suka zauna a Arantzazu suka fara daidaita rubutu, lokacin ma Janar Franco na kan mulkin Sifaniya, shi da ya danne yaren daga 1939 har ya mutu a 1975. Sai a 1999 aka yi dokar da ta sauƙaƙa wa mutum yaje rajista ya mayar da sunan danginsa zuwa rubutun yarensu.

Bashir Iruña:
Gaskiya ne, kuma har yanzu abin yana da zafi a nan. Zaka ga wa da ƙani, ɗaya ya canza zuwa Etxeberria ɗaya ya bar Echeverría yadda ya gada, kuma mutane na karanta ra'ayin siyasarka daga harafi biyun nan ko kaƙi ko kaso. A Navarra inda nake ch ɗin tana nan da yawa, in ka tsallaka Gipuzkoa wajen San Sebastián sai tx ta cika ko ina, a motocin kamfanoni da allon shaguna.

Nazifi Gunners:
Naji duk wannan amma har yanzu ba'a amsa min ba. In sunan gidan ƙauye ne a tsaunin Sifaniya me ya kai shi Ajantina da Bolibiya har da wani Echeverría da yayi shugaban ƙasa a Mekziko? Gida dai baya tafiya.

Malam Tukur:
Gida baya tafiya, amma shi yake korar mutane. Wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni a tarihin nan gaba ɗaya. A al'adarsu ba'a raba baserri, gida da gona da dabbobi da daji duk mutum ɗaya ne yake gada. A ɓangaren Faransa galibi ɗan fari ne, mace ko namiji, a Bizkaia da Gipuzkoa kuma iyaye ne ke zaɓar wanda suka ga zai iya riƙewa ko da auta ne ko mace. A dokar gargajiya ta Bizkaia ana iya sallamar sauran 'ya'yan da abin alama kawai, bishiya ɗaya, tayil ɗin rufi ɗaya da tsabar kuɗi ɗaya, shikenan an fita haƙƙinsu a idon doka. A aikace ana ɗan basu wani abu daga dukiyar da mijin magajiya ko matar magaji ta shigo da ita, wanda bai yi aure ba kuma yana da damar zama a gidan yana aiki ƙarƙashin ɗan uwansa har ya mutu. To ka ɗauka gida mai 'ya'ya bakwai, shida ina zasu? Wasu coci, wasu soja, wasu aikin magatakarda a fadar sarki, wasu teku kamun kifi, wasu kuma jirgin ruwa sai Amurka. Basu fita da ƙasa ba, basu fita da saniya ba, sunan gidan kaɗai suka fita da shi.

Maman Ilham:
Kai wannan akwai tausayi. Bishiya ɗaya fa. Uwa tana ji tana gani 'ya'yanta shida su watse duniya saboda gini ya zauna

Ustaz Kabiru:
Wannan zalunci ne ƙarara ko da wane suna aka kira shi. Alhamdulillah da ni'imar Musulunci da ya ba kowa rabonsa, har jaririn da ke ciki ana ajiye masa.

Hajiya Rabi:
Ustaz ban musa maka ba, rabon gado hukuncin Allah ne kuma shine adalci. Amma mu duba me suke gudu. Ƙasarsu tsauni ce, gonar da ke ciyar da gida ɗaya in an yanka ta bakwai ba mai ƙoshi a cikinsu. Ni na gani da idona a garinmu, gonar kakanmu da ake noman gandu a ciki, bayan rabo biyu ta koma 'yan filaye kamar tabarma, ƙarshe kowa ya saida nasa wa mai bulo ya tafi birni, yanzu ko wurin da zamu nuna wa jikoki muce nan ne babu. Shari'a bata hana magada su haɗa rabonsu su riƙe tare ba, mu ne bamu da haƙurin juna. Su sun riƙe gidan sun rasa 'ya'yan, mu kuma a gidanmu ba gonar ba haɗin kan.

Ustaz Kabiru:
Wannan gaskiya ne Hajiya, sharika tsakanin magada halal ce in da yarda. Abinda na ƙi shine a hana mutum tun farko.

Malam Tukur:
Ba wanda yace a kwaikwaya Ustaz. Su ma Faransawa da suka kawo dokar Napoleon a 1804 sun wajabta raba gado, amma Baskawan can suka riƙa zagayewa, 'yan uwa su yafe rabonsu a gaban magatakarda don gidan ya tsira.

Bari in koma kan tambayar Nazifi. Akwai abu na biyu da ya sa sunan gida ya zama jari. A 1526 dokar Bizkaia ta ce duk ɗan asalin lardin hidalgo ne, wato mai 'yanci na ajin masu daraja ko da manomi ne mai kiwon shanu biyu, Gipuzkoa ma ta sami tabbacin haka a 1610. Wannan matsayi yana buɗe ƙofar muƙamai a daular Sifaniya, kuma hujjarka itace ka nuna gidan da kakanninka suka fito. Kaga ɗan da aka sallama da bishiya ɗaya, sunan gidan ya zame masa takardar shaida. Shi yasa ka duba su waye a gaba a tafiye-tafiyen Sifaniya: Elcano ɗan Getaria da ya kammala zagaye duniya a jirgin ruwa a 1522, Legazpi da Urdaneta da suka isa Filifin a 1565, Francisco de Ibarra da ya kafa Durango ta Mekziko a 1563, Juan de Garay da ya sake kafa Buenos Aires a 1580, Zabala da ya kafa Montevideo, kamfanin Gipuzkoa da aka ba cinikin koko na Caracas a 1728. Shi kansa Simón Bolívar kakanninsa daga ƙauyen Bolibar suke a Bizkaia, kaga ƙasar su Etcheverry ma sunan wani ƙauyen Bask take amsawa.

Sai ambaliya ta biyu a ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen Carlist, wato yaƙin basasa kan gadon sarautar Sifaniya, na farko daga 1833, na ƙarshe ya ƙare 1876, ga samarin ɓangaren Faransa masu gudun aikin soja na dole, suka yi ta kwarara Yurugwai da Ajantina suna kiwon tumaki da saida madara. Shi yasa rubutun Etcheverry na Faransa yake da yawa a wajen. Wasu daga baya suka wuce yammacin Amurka, Nevada da Idaho, har yau akwai unguwar Baskawa a Boise.

Abba Cityzen:
Malam wlh kamar ina aji. Kenan gola Goycochea na Ajantina da ya riƙa kaɗe fenariti a 90 shima irin su Goikoetxea ne?

Nazifi Gunners:
Eh mana, kuma Goikoetxea na Bilbao shi ya karya Maradona a 83, na Ajantina kuma ya kai su fainal tare da Maradonan. Elizondo kuma da Malam ya ambata ai shine rafalin da ya kori Zidane a 2006, shima ɗan Ajantina. Toh na sauko kaɗan Malam, na yarda ba kaka ɗaya bane. Amma dai duk mai sunan jinin Bask ne ko? wannan kam ba za'a ƙwace min ba

Malam Tukur:
Shima sai an rage masa Nazifi. A ƙasashen da Sifaniya ta mulka, mutanen asali da aka yi wa baftisma da bayin da aka kai daga Afirka an sha basu sunan ubangida ko na wanda ya tsaya musu a coci. Don haka akwai masu amsa Echeverría a Mekziko da Gwatamala da Ekwado da ba wani kakansu da ya taɓa ganin dutsen Pyrenees, wani kuma kaka ɗaya ne tal shekara 400 baya, sauran jininsa duk na can ne. A Kolambiya, yankin Antioquia wajen Medellín, nan kam Echeverri da Echeverry sun yi yawa sosai tare da irin su Uribe, kuma a irin wannan wuri da ƙananan iyalai suka shigo da wuri suka hayayyafa, maganarka ta dangantaka tafi kusa da gaskiya. Amma tsakanin Luis Echeverría da ya mulki Mekziko daga 1970 zuwa 1976, da Esteban Echeverría marubucin Ajantina da ya rasu a 1851, da yaron City ɗan Resistencia, da Joseba ɗan Gipuzkoa, abinda ya tabbata sun haɗa shine kalma biyu, gida da sabo.

Bashir Iruña:
Bari in ƙara muku wani abu da zai baku mamaki. In kazo nan ƙasar Bask ɗin kanta ka duba akwatunan wasiƙa a ƙofar bene, García da Fernández da González da Rodríguez zaka fi gani, ba Etxeberria ba. Ni da farko na ɗauka na ɓata hanya ne.

Malam Tukur:
Haka lissafin ya nuna. Kun san a Sifaniya kowa suna biyu yake ɗauka, na uba da na uwa. Wani masanin ƙididdiga José Aranda ya bi rajistar masu zaɓe ya fitar da bincike a 1998, ya samu cewa a yankin Bask mai cin gashin kansa sama da rabin mutane basu da sunan Bask ko ɗaya cikin biyun, masu duka biyu kuwa kusan mutum 1 ne cikin 5, Gipuzkoa ce tafi yawansu. A duk Sifaniya kuma sama da mutum miliyan 4 ne ke da aƙalla ɗaya, mafi yawansu a wajen yankin suke zaune. Dalili shine yayin da 'ya'yan baserri ke fita, wasu na shigowa. Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka buɗe ma'adinan ƙarfe da manyan masana'antu a bakin kogin Bilbao, leburori suka zo daga Castilla da Galicia, daga 1950 zuwa 1970 da wani abu kuma aka sake wani kwararowar daga Extremadura da Andalus. Duka ƙasar Bask, ɓangarorin biyu, mutum miliyan 3 ne da ɗan ɗoriya, masu jin yaren sosai basu kai miliyan 1 ba.

Wannan shigowar baƙi ita ta tunzura Sabino Arana da ya kafa jam'iyyar kishin Bask a 1895, shi a wajensa sunayen kakanni sune ma'auni, a ƙungiyarsa ta farko sai kana da sunayen Bask huɗu na kakanninka kafin ka zama cikakken mamba. Ni dai ina ganin nan ya kauce, ya ɗauki sunan da asalinsa adireshin gida ne ya mayar da shi gwajin jini.

Hajiya Rabi:
Hmm. Takardar ɗan asalin ƙasa kenan ta wani salo. Wanda aka haifa a gari ya girma ya biya haraji sai an tambaye shi kakansa

Nazifi Gunners:
Amma Hajiya kar a ga laifinsu da yawa, mutanen da basu da yawa kuma an hana su yarensu a makaranta, dole su riƙe wani abu. Ai da wannan kishin ne Bilbao take tun 1912 bata sa ɗan wasan da ba nasu ba kuma bata taɓa faɗuwa daga La Liga ba. Joseba ɗin nan da ake magana, ya buga musu wasa sama da 500 daga 1995 zuwa 2010, kakarsa ta ƙarshe kyauta ya buga bai karɓi albashi ba. Ina zaka sami wannan yanzu.

Bashir Iruña:
Nazifi ai Bilbao ɗin ce ma take rushe maganar suna. Ƙa'idarsu ba sunan dangi bace, haihuwa ce ko tasowa a ƙasar. Iñaki Williams iyayensa 'yan Gana ne, sun keto sahara suka haura shingen Melilla, garin Sifaniya da ke gaɓar Moroko, mahaifiyarsa na da cikinsa, aka haife shi a Bilbao a 1994, sunan Iñaki ma na wani malamin coci ne da ya taimake su. A nan Pamplona suka taso, nan aka haifi ƙaninsa Nico a 2002. Mu da muka biyo irin hanyar nan in muka ga yaran nan wlh wani abu muke ji a ƙirji. A fainal ɗin Euro 2024 na Sifaniya da Ingila, Nico Williams ya ci wa Sifaniya ta farko Oyarzabal ya ci ta biyu, ɗaya sunan Ingilishi daga Gana ɗaya sunan daji mai faɗi da yaren Bask, kuma a unguwarmu duk biyun 'yan gida aka ɗauke su. Kuma su a yarensu kalmar da suke kiran kansu euskaldun, ma'anarta mai yaren Euskara, ba mai suna kaza ba. 'Yata tana makarantar da ake koyarwa da yaren, in muka je ƙauye tana gaisawa da tsofaffi sai kaga fuskarsu ta canza, ni da nake da shekaru a ƙasar ban samu wannan karɓar ba. Ba zance babu wariya ba, akwai, na sha neman haya a ji muryata a ce an riga an bayar. Amma yaren yana buɗe ƙofar da suna baya buɗewa.

Maman Ilham:
Allah ya raya ta Malam Bashir, ya tsare mata addininta. Ni tambayata ɗaya, sunan Xabi Alonso da Xavi da su Javier naji wani yace wai duk daga nan suke, gaskiya ne?

Malam Tukur:
Gaskiya ne Maman Ilham, kuma na so in manta. Akwai wani ƙauye da ganuwa a Navarra da ake kira Xabier ko Javier, masana harshe sun tafi akan cewa daga Etxeberri ko Etxaberri ya gajarce, e ɗin farko ta faɗi. A nan aka haifi Francis Xavier a 1506, ɗan mishan ɗin da yaje Indiya da Japan ya rasu a 1552 a wani tsibiri a gaɓar Sin. Da Katolika suka ɗaukaka shi sai iyaye suka riƙa saka wa 'ya'yansu sunan garinsa, shine Javier da Xavier da Xabi da Xavi suka bazu duniya, sunan gida ya koma sunan yanka. Mahaifiyarsa kuma 'yar gidan Azpilcueta ce, 'yan Chelsea sun san sunan. Kuma Abba, ka gaya wa dattijon majalisarku, a wasan nan na buɗe gasar 94 da Jamus da aka kori Etcheverry 'yan mintuna da shigowarsa, kocin Bolibiya da ya sako shi sunansa Xabier Azkargorta, Baske ne ɗan Azpeitia. Sabon gida ne ya sako sabon gida.

Abba Cityzen:
Allah ya saka da alheri Malam, da Yaya Bashir da Hajiya. Yau da daddare zan kai musu. Amma nasan yayan namu, zai ce to a kawo hujjar cewa BA dangi bane, ya ake ganewa in mutum na son ya bi?

Bashir Iruña:
Ba ta suna ake bi ba, ta takarda ake bi. Sai an fara daga can Ajantina a samo takardar aure ko ta mutuwar kakan da ya fara sauka, don a nan ake rubuta garin da aka haife shi, in an sami garin sai a dawo rajistar cocin garin, na Gipuzkoa da Bizkaia da Araba tsofaffin an saka jerin sunayen a intanet kyauta, a nan zaka ga iyaye da kakanni wani lokaci har sunan gidan. Duk bazara muna ganinsu a nan, 'yan Ajantina da Chile da Yurugwai da 'yar takarda a hannu suna tambayar hanyar wani ƙauye, su tsaya a ƙofar gidan su ɗauki hoto wasu har kuka, mutanen da ke ciki yanzu kuma sau da yawa wani suna daban suke amsawa a takarda. In yayanka ya samo sunan ƙauyen kakan Echeverri ka turo min, in bai yi nisa ba ranar hutuna zan hau bas inje in ɗauko muku hoton ƙofar.